Ku Bar Ni In Rufe wa Inna Kanta

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shugaban kamfanin da ke kula da dogon benen gilashin da ke gabas da unguwar Zango,
da kuma dukkan masu haya a cikinsa, tun daga hawan ƙasa har zuwa na ƙoli,
Wagadugu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke ci a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama da duniya lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Zainabu, ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Rood Woko. Gidanmu shi ne wanda ke manne da katangarku ta baya, mai shuɗiyar ƙofa da bishiyar lemun tsami a tsakiya. Ba sai na wahalar da kai da dogon kwatance ba, domin mutanenka sun san tsakar gidan nan kamar yadda na san ta, wataƙila ma sun fi ni, tunda ni ina wuni a kasuwa su kuwa suna wuni a kanta.

Ban so a ce sai a bainar jama'a zan yi maka magana ba. Mu ba a haka aka rene mu ba. Amma na yi ta safa da marwa a ƙofar ofishinka har masu gadi sun san ƙarar babur ɗina, kullum sai a ce kana taro, ko ka yi tafiya, ko in dawo wani makon. Shi ya sa na zauna na rubuta da Hausar da nake iya kuka da ita. Ƙanena Sani zai juya maka ita zuwa Faransanci, na kuma roƙe shi kada ya tausasa ko kalma guda.

Maganar a kan mahaifiyata ce, Hajiya Ladi, wadda duk Zango ke kira Inna. Ta rasu bayan damina. Hotonta yana rataye a zauren shigarku, kanta a buɗe, tsawonsa ya fi ƙofa. Abin da nake nema ke nan a taƙaice, a sauke shi. Sauran abin da zan faɗa, don ka gane dalili ne.

Na ɗaya: gidan da kuke kallo

Mahaifina direban babbar mota ne, mutumin Ƙonni. Ya yi ta jigilar goro da albasa tsakanin ƙasashe har Allah ya zaunar da shi a Wagadugu, ya gina gidan nan da hannunsa da na 'yan uwansa direbobi. Bai san zanen takarda ba, amma akwai abin da bai yarda a yi masa wasa da shi ba, wato zaure. Ƙofar waje tana kallon kudu, ta ciki tana kallon yamma, a tsakaninsu akwai 'yar katanga. Ko ƙofofin biyu a buɗe suke, wanda ya tsaya a titi ba zai ga komai ba sai bango. Baba yakan ce ido ba ya shan kwana, don haka ya sa masa kwana.

Namiji baligi, in ba ɗan gida ba ne, a zauren nan yake tsayawa. Abokan Sani da suka tashi tare tun suna yawo ba wando, ranar da muryarsu ta fashe ranar suka daina wuce shi. Mai gyaran famfo ma sai an yi shela mata sun kimtsa kafin ya shigo, kansa a ƙasa.

Ina so ka fahimci wannan, ranka ya daɗe, don a nan ne muka sha bamban. A wurinku ɗaki shi ne abin da ke da rufi, duk abin da ba shi da rufi kuwa waje ne. A wurinmu tsakar gida ɗaki ce. A nan mace take cire mayafi da ɗankwali, ta ɗaura zani a ƙirji ta yi wanki, ta shayar da jariri, a yi mata kitso, ta yi barcin rana a kan tabarma. Makewayinmu ma ba shi da rufi, haka na duk maƙwabtanmu. Ba talauci ne ya hana mu rufawa ba. Ba mu taɓa zaton akwai wanda zai leƙo mu daga sama ba, in ban da Allah da tsuntsaye.

Inna ba a kulle take ba. Tana zuwa biki, tana zuwa gaisuwar mutuwa, tana zuwa likita, ta je Makka ta dawo. Amma tun da ta mallaki hankalinta babu namijin da ya ga gashin kanta sai mahaifina da 'ya'yan cikinta. Ba wanda ya tilasta mata. Abinta ne, tana ji da shi kamar yadda wata ke ji da zinarenta. Gashin kuwa Allah ya ba ta, har ta tsufa bai zube ba, sai dai ya yi fari fat. Nakan zolaye ta in ce da an san abin da take ɓoyewa da zawarawa sun cinye mana zaure. Sai ta kai mini duka da mafici.

Na biyu: benen da kuka gina

Ba zan ce benenku ba shi da kyau ba. Lokacin da ake gina shi har alfahari muka yi. In baƙo ya kira daga tasha, sai mu ce ya nufo dogon gilashi, muna gindinsa. Inna da kanta ta sha aika wa leburori ruwan sanyi da fura, tana cewa 'ya'yan wasu ne a kan ƙarfe cikin rana.

Sai da aka gama muka lura da yadda aka juya shi. Fuskarsa tana kallon babban titi, can ne furanni da tutoci da ruwa mai tsartuwa. Mu kuwa bayansa aka ba mu: injunan sanyaya ɗaki masu huro mana zafi, matakalar gudun gobara, da barandar da ma'aikata ke fitowa shan taba. Da yake gabas da mu yake, hantsi ya daina shigo mana sai rana ta yi sama. Da yamma kuma gilashin ya kama rana ya jefo mana ita, mu sha biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. In muka tsaya salla a tsakar gida, shi ne a gabanmu. Duk wannan mun haƙura. Birni ne, kowa yana matsa wa kowa.

Abin da ba mu sani ba shi ne halin gilashin. Daga ƙasa ba ka ganin komai a cikinsa sai gajimare da shawagin shaho. Mun ɗauka yadda ba ma ganinku, haka ku ma ba kwa ganinmu. Wallahi haka muka ɗauka, gaba ɗayan unguwa. Dariya ma za ka yi, na sani. Matan gida suna lura da baranda kaɗai, in an ga mai taba ya fito sai a ja zani, in ya koma a saki jiki. Ashe barandar ce ma mai gaskiya, don ita tana nuna mana mai kallonmu.

An gaya mini a cikin benen akwai banki, akwai kamfanin inshora, akwai lauyoyi, akwai masu harkar waya, akwai kuma wata ƙungiyar ƙasashen waje da ke aikin kare mutuncin mata. Masu ilimi ne duka, masu takardu. A cikinsu ba a sami mutum ɗaya da ya sauko ya buga shuɗiyar ƙofar nan ya ce, bayin Allah, ana fa ganinku ba.

Na uku: kyautar Babbar Salla

Washegarin Babbar Salla wata mata ta yi sallama a gidanmu. Na san ta, takan sayi atamfa a wurina, tana aiki a kamfanin inshorar da ke hawa na bakwai. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ban riƙe ta da mugunta ba, har yau. Ta zo da sukari da turare da wani abu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, tana kiranta Yaaba, wato kaka da Mosanci, yaren mutanen garin nan.

Ta zauna tana ba da labari cikin murna, rabi Faransanci rabi Mosanci, ni ina juya wa Inna. Ta ce duk hawansu suna son Inna. In an tashi cin abincin rana, sai su jawo kujeru bakin taga. Sun san lokacin da take watsa wa tantabarunta dawa, sun san yadda take gyangyaɗi da carbi a hannu, sun san ranar Juma'a ce ranar kitso. Ta ce akwai ranar da Inna ba ta fito ba, ofis ɗin gaba ɗaya ya damu, har wani ya ce a aika a tambaya. Ta ce ganin Inna yana tuna musu da kakanninsu na ƙauye, yana sanyaya musu zuciya in aiki ya yi zafi.

Tun a nan bakina ya fara nauyi. Na daina juya wasu kalmomin. Amma Inna ta yi shekaru a garin nan fiye da ni, tana jin Mosanci sarai.

Sannan matar ta miƙa mata naɗin. Ta ce kamfaninka ya ɗauko mai ɗaukar hoto ya yi wa zauren shiga ado da hotunan unguwa, aka sa musu suna Maƙwabtanmu. Akwai mai gasa nama, akwai yara masu ƙwallo, amma na Inna ya fi kowanne kyau, shi aka sa a tsakiya daura da ƙofar lif, na'urar hawa bene. Ita ce ta roƙi ƙaramin kwafin hoton don ta kawo mata.

Inna ta kwance takardar a hankali, don ba ta yaga takarda mai kyau. Ga ta nan zaune a kan tabarma gindin lemun tsami, zani a ƙirji, kafaɗunta a waje. Rabin kan an kitse, rabin a tsefe ya bazu fari a kan gwiwata. Ta ɗaga fuska sama tana dariya har ana ganin wushiryarta. Ni ba a ga fuskata ba, sai hannuwana da mataji. Na tuna ranar. Zancen zawarawan nan ne na yi mata.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta kifa hoton a cinyarta, ta jawo mayafinta har goshi. Ta yi wa baƙuwar godiya, ta sa albarka, ta sa aka kawo mata soyayyen naman layya a kwano da goro. Inna ba ta taɓa kunyata baƙo ba, ko a ranar ba ta fara ba. Matar ta tafi tana murna, ta ɗauka kunyar tsofaffi ce kawai.

Da na dawo daga rakiya, Inna ta tambaye ni abu biyu. Ta ce, "Har da maza?" Ta ce, "Tun yaushe?" Ta ɗaga kai ta dubi gilashin, ba ta ga komai ba sai gajimare. Ta ce, "Zainabu, mi na yi musu?" Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗakinta. Tabarmar ni na naɗe ta.

Na huɗu: abin da ya biyo baya

Ranka ya daɗe, ba zan ce kun kashe mahaifiyata ba. Ni Musulma ce, na san ajali ba ya jiran bene. Tana da ciwon sukari da ciwon gwiwa tun kafin ku kafa tubali. Amma likita ya ce ta riƙa tattaki tana shan hantsi, kuma tsakar gidan nan ce filin tattakinta. Daga ranar nan ba ta sake taka ta da rana ba.

Ɗakinta na kwano ne. Ka san zafin garin nan kafin ruwa ya sauka. A ciki take alwala a roba, a ciki take wanka, a ciki take salla, ƙofa a saye. Ɗankwali ba ya barin kanta ko barci take. Tantabarun suka yi ta sauka bakin ƙofarta suna jira, har ta ce a kai wa limamin unguwa su, ba ta son jin kukansu.

Sani ya sayo tampol muka rufe tsakar gida. Gidan ya koma kamar cikin tukunya, lemun tsamin ya fara zubar da ganye, amma muka ce in dai za ta fito. Na je na ce mata, Inna an rufe, ba mai ganinki. Ta ce, "Ɗiyata, wanda ya gani ya gani. Can kuma ina nan tsaye tsirara, kowa na wucewa." Iskar ruwan farko ta yage tampol ɗin, muka ɗinke, ta biyu ta tafi da shi gidan maƙwabta.

Ba mu kaɗai ba ne. Labari ya zaga Zango. Yau in ka leƙo, kuma na san ana leƙowa, za ka ga mata suna wanke-wanke da hijabi a cikin gidajensu, da buhunan siminti da tsofaffin ledoji a kan makewayi. Wata maƙwabciyarmu mai jego ta koma shayarwa a ƙuryar ɗaki. Unguwa guda kuka sa wa lulluɓi ba tare da kun ce uffan ba.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne kitson. Tun ina budurwa nake yi wa Inna kitso duk Juma'a. A nan muke hirarmu, a nan take gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa. Bayan hoton, in na zo da mataji sai ta ce a bari sai wani makon. Gashin ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ɗankwali. Wata Juma'a na shiga na tarar ta ajiye almakashi a kan darduma. Ta ce in yanke shi duka. Na yi magiya, na yi kuka, na ce in kira ƙanwarta ta yi mata magana. Ta ce abin da ya zama na kowa ba nata ba ne, ba ta son ɗaukar nauyinsa. Na yanke. Na tattara shi a tsumma na binne gindin lemun tsami kamar yadda muke yi, don gashin mutum ba a zubar da shi a shara.

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, yau a duk faɗin duniya babu inda gashin Inna yake a fili sai a bangonka.

Na biyar: zuwana wurinku

Tun a makon Sallar na fara zuwa. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta saurare ni da fara'a, ta ce ai hoton ya yi kyau ƙwarai, baƙi daga Turai ma suna tsayawa su ɗauki kansu a gabansa. Ta ɗauka yabo na zo karɓa. Da na sake dawowa aka haɗa ni da wani jami'i mai taye a wuya, ya bayyana mini cewa daga tagarku aka ɗauka, ba a shiga gidan kowa ba, kuma babu abin kunya a jikin hoton, tsohuwa ce ana yi mata kitso. Ya ce in rubuto ƙorafi. Na rubuto. Aka ce kwamitin masu haya zai zauna, kuma sai an tuntuɓi wanda ya tsara adon zauren, don in an cire na tsakiya sauran za su rasa daidaito.

Daidaito. Na riƙe kalmar nan, na yi ta juya ta a kan babur har kasuwa.

Ana cikin haka jikin Inna ya yi tsanani. Wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta ciro farin mayafinta na Makka daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. Ta ce, "In sun ƙi saukewa, ki tai ki ruhe mini kaina."

Na je. Na shiga zaurenku da mayafin a jaka, na jawo kujerar baƙi na taka. Ban kai ga saƙala shi ba aka riƙe kujerar. Malam Isa ne, mai gadinku, ɗan unguwarmu, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda Inna ta karɓi haihuwar uku daga cikinsu. Bai ɗaga ido ya dube ni ba, bai kuma dubi bangon ba. Ya ce, "Yaya Zainabu, ki rufa mini asiri. In kin rataya, ni za a kora." Na sauko. Daga baya matarsa ta gaya mini tun ranar da aka kafa hoton ya roƙi a canza masa wurin tsayuwa, aka ƙi. Don haka yake wuni a ƙofar lif ya ba bangon baya, ko an kira shi ta can sai ya zagayo da kai a sunkuye. Mutum ɗaya ke nan a duk benenka da ya san abin da ke rataye a wurin, shi kuwa ba a tambayarsa.

Da na koma gida Inna ta dubi jakata, ta dubi fuskata. Ba ta tambaye ni ba.

Na shida: ranar da ta tafi

Ta cika da hantsi, kanta a kan cinyata, da kalmar shahada. Alhamdu lillahi.

A al'adarmu a bayan ɗaki ake wankan gawa, inda ruwa zai bi ya shige ƙasa. A nan aka wanke Baba, a nan aka wanke kakata. Wurin ba rufi. Da muka fito da ita, tsohuwar da ke wankan matan Zango ta ɗaga kai ta dubi gilashinku, ta ce ba za ta kwance mata ko ɗankwali ba a haka. Sai mata suka kwanto zannuwan gado da atamfofin da na ajiye na sayarwa. Suka tsaya a kewaye, kowace ta kama gefe ta ɗaga sama da kanta, suka yi wa Inna rufi. Wankan gawa ba a gaggauta shi. Hannuwansu suna karkarwa, gumi da hawaye suna zuba, in wata ta gaji wata ta karɓa ba tare da zanin ya sauko ba. Akwai tsofaffi a cikinsu da ba sa iya ɗaga tulu. Babu wadda ta saki.

A ranar uku matar hawa na bakwai ta zo gaisuwa, idanunta sun kumbura. Ta riƙe hannuna ta ce duk ofis ɗinsu sun yi kuka. Na ce wa ya gaya muku? Ta ce ba wanda ya gaya musu. Sun ga an ɗaga zannuwa, sun ga an fito da makara.

Na sa aka ba ta ruwa.

Abin da nake roƙo

Ranka ya daɗe, ban zo neman diyya ba, ban kuma kai ƙara ko'ina ba, ko da yake an ba ni shawarar haka. Abu uku nake roƙo.

Na farko, a sauke hoton mahaifiyata, a ba ni shi a hannuna, a kuma sa mai ɗaukar hoton ya goge wanda ke wurinsa. Waɗanda baƙi suka ɗauka a wayoyinsu sun tafi da su ƙasashensu, wannan na bar wa Allah.

Na biyu, tagogin da ke kallon Zango a shafa musu abin da ke dushe gilashi, ko da daga ƙasa zuwa tsayin mutum ne. Haske zai shiga, ido ba zai fita ba. Na ga an yi haka a ofishin banki na hawan ƙasa don kada a ga masu ƙirga kuɗi, ashe kun san yadda ake yi in abin yana da daraja a wurinku. Akwai sauran tsofaffi a unguwar nan, akwai 'yan mata masu tasowa.

Na uku ga masu haya ne. Na yarda kun so Inna. Amma da ɗayanku ya sauko ya yi sallama, da ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta dama masa fura, ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa. Da kun san muryarta. Shekara da shekaru kuna kallonta, ba wanda ya san tana da daɗin murya. Don Allah in kun ga maƙwabci, ku bari shi ma ya gan ku.

Akwai abin da ban gaya wa ko Sani ba, zai gani yanzu in yana juyawa. Inna ba ta son hoto. Abin da muke da shi nata sai na katin shaida da na fasfon Makka, fuska a ɗaure kamar an yi mata laifi. Ƙaramin da aka kawo mata, ita da kanta ta sa shi a murhu. Saboda haka babu inda dariyar mahaifiyata ta rage sai a zaurenku. Tun da ta rasu, in zan tafi kasuwa, sai in ga babur ɗina ya bi ta babban titi, alhali ba hanyata ba ce. In tsaya a tsallake, in jira ƙofar gilashin ta buɗe wa wani mai shiga, in hango ta, ta ɗaga fuska tana yi mini dariya, kanta a kan gwiwata. Sai ƙofar ta rufe. Ni ma na zama mai leƙen Inna ta gilashi, kuma duk ranar da na yi haka ba na iya cin abinci.

Ranar da kuka sauke hoton nan, ni ce zan fi kowa rashi. Na sani. Zan naɗe shi ba tare da na sake kallo ba, in yi masa abin da ta yi wa ƙaramin. Duk da haka ku sauke shi. Ba ta bar mini wasiyyar gida ko ta zinare ba, abu ɗaya ta roƙe ni, kuma har aka binne ta ban yi mata ba.

In kwamitinku bai zauna ba tukuna, in mai adon zaure bai amsa waya ba, to ka ba Malam Isa izini da bakinka ya kau da kai na ɗan lokaci, ya bar ni in taka kujera. Mayafin yana cikin jakata, na wanke shi na goge, ko'ina da shi nake zuwa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya albarkaci aikinka da zuriyarka. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta, ya suturta ta a gida da waje, ya sa kada ta taɓa ganin ranar da za ta tambayi ɗanta abin da Inna ta tambaye ni. In ta riga mu, Allah ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da tawa a inuwar da ba mai leƙe.

Ina jiran amsarka a shuɗiyar ƙofa. A yi sallama, za a buɗe.

Wassalam.

Maƙwabciyarku ta baya,
Zainabu 'yar Hajiya Ladi,
Zango, Wagadugu.